Yadda Masu Aiki Ke Yanka Farashi: Karanta Kafin Ka Ba da Aikin Kwamin Kifi ko Ɗakin Kaji



Makon jiya wani matashi da ke shirin fara kiwon tarwaɗa ya same ni a gona riƙe da takardu biyu. Kwamin siminti yake son ginawa, ƙafa 10 tsawo, ƙafa 10 faɗi, zurfi ƙafa 4. Ya kira magina biyu sun duba wajen, kowa ya rubuto masa kuɗinsa, sai ga na ɗaya ya kusa ninka na ɗayan. Tun kafin ya zauna ya riga ya yanke hukunci. Ya ce min, "Yaya, wannan mai tsadar cuta ta kawai yake son yi."

Na karɓi takardun na duba. Ta mai arahar layi ɗaya ce tal: ginin kwami, kaya da aiki, sai adadin kuɗi. Ta mai tsadar kuwa ta cika shafi. Ya rubuta yawan bulo da irinsa, buhunan siminti, rodi, tsakuwa, yashi, bututun fitar da ruwa, maganin hana yoyo, kuɗin mota, sannan kuɗin hannu. Na ce wa yaron, mutanen nan biyu ba abu ɗaya za su gina maka ba. Sunan aikin ne kawai ɗaya.

Abin da ya sa na gane da wuri, ni ma na taɓa tsayawa inda yake tsaye. Kwamina na farko mai araha na ba. Da bulo inci 6 ya yi min, bai cika ramukan bulon da kankare ba, bai sa rodi a kusurwa ba, ni kuma a lokacin ban ma san ana tambayar waɗannan abubuwa ba. An yi filasta, ya yi kyau a ido. Ban fi sati uku da zuba kifi ba kusurwa ɗaya ta tsage cikin dare. Da asuba na tarar ruwa ya kusa ƙarewa, kifin sun taru a ɗan abin da ya rage, da yawa sun riga sun juya ciki. Da na haɗa kuɗin gyara da kuɗin kifin da abincin da suka ci, abin ya wuce farashin mutumin da na ƙi ba aikin tun farko. Kuma ban iya kama maginin da laifi ba, don abin da na biya shi ya gina min.

Shi ya sa yau nake son mu leƙa cikin kan mai aiki, mu ga lissafin da yake yi kafin ya buɗe baki ya faɗi kuɗi. Duk adadin kuɗin da za ku gani a ƙasa misali ne kawai don lissafi ya fito, farashin garinku da na wannan makon shi ne abin bi.

Kaya: nan ne yawancin kuɗin yake

Abu na farko da magini ke yi shi ne ƙirga kaya, kuma wannan lissafi ne da kai ma za ka iya yi da biro da takarda. Bulo inci 9 tsawonsa inci 18 ne, wato ƙafa ɗaya da rabi. Kwami mai ƙafa 10 a kowane gefe daga ciki, in ka haɗa da kusurwoyi, layi ɗaya zai ci bulo kamar 29. Kafin bango ya kai ƙafa 4 ana buƙatar layi biyar, ka ga bulo 145 kenan. Ƙara layin da zai shiga ƙasa, sannan ƙara 'yan kaɗan saboda waɗanda za su fashe wajen sauke su daga mota. Duk wanda ya rubuta maka bulo 300 a wannan aiki, tambaye shi ina sauran za su. Wanda kuma ya rubuta 120, tambaye shi ta ina zai rage.

Sai dai bambancin farashi ba a yawan bulo ya fi ɓuya ba. Yana cikin abin da ido ba ya gani bayan an yi filasta. Kwamin nan in ka cika shi ruwa ya kai zurfin mita ɗaya, lita kusan 9,000 ke ciki, nauyin tan 9 kenan yana danna ƙasa yana tura bango dare da rana. Bangon ɗaki rufi kawai yake ɗauka, shi kuwa bangon kwami daga gefe ake tura shi. Don haka wanda ya san aikin zai cika ramukan bulo da kankare, zai tsayar da rodi a kusurwoyi da tsakiyar bango, zai ɗaure saman bangon da kankare ya zagaye. Cika ramukan nan kaɗai kan ci siminti kusan yadda daɓen ƙasan ya ci. Shi ma daɓen, wani zai zuba maka inci 3, wani inci 6 da ragar rodi a ciki. Ga kuma kwaɓi. Kankaren da aka kwaɓa siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu yana cin buhu shida da ɗan wani abu a kowace mita mai cika lita 1,000. In aka koma ɗaya, uku, shida, buhu huɗu da rabi ma ya isa. A takarda dukkansu kankare ake kiran su.

Hatta bulon kansa iri-iri ne. Masu buga bulo sun san buhun siminti ɗaya bulo nawa ya kamata ya fitar, wasu kuma sukan ja shi ya fitar da fiye da haka don su sayar da araha. Irin wannan bulon in ka murza gefensa da yatsa sai ya riƙa zubowa. A katangar gida yana iya daɗewa. A kwami kuwa, ruwa ba ya yafiya.

Haka abin yake a ɗakin kaji. A ce buroila 500 za ka zuba, ɗaki mai ƙafa 20 da ƙafa 30. Kafinta zai ƙirga bandir ɗin kwano, kowane bandir fale 20, amma kwano kauri-kauri ne, mai laushin kafin damina biyu ya fara huda. Zai ƙirga katako, kuma akwai wanda zai shafa wa katakon maganin gara, akwai wanda ba zai shafa ba sai ka ce. Akwai bakin rufin da ya kamata ya leƙo waje kamar ƙafa 3 don feshin ruwan sama kada ya jiƙa dusar katakon da ke ƙasa. Wanda ke son farashinsa ya fi na kowa sauƙi, wannan leƙowar ita zai fara yankewa, kai kuma sai watan Agusta za ka san an yanke ta, lokacin da shimfiɗa ta jiƙe kaji suka fara gudawa. Ragar waya ma haka: akwai mai ƙwari, akwai wadda ɓera zai wuce ta cikinta.

Kuɗin hannu da kwanakin zama

Bayan kaya, sai mai aiki ya kalli kwanaki. Nan ne mutane suka fi yin ƙorafi, don suna ganin aiki na kwana shida ne kawai, me zai sa a nemi kuɗi haka?

Bari mu yi lissafin yadda shi yake yi. A ce maigidan aiki yana son naira 10,000 a yini, yana da leburori biyu kowanne 5,000. Kullum 20,000 kenan, kwana shida 120,000. Amma aikin kwami ba ya tafiya a jere. An zuba daɓe, dole a jira ya kama. An cika bulo da kankare, a sake jira. An yi filasta, a riƙa shayar da ita ruwa kada ta tsattsage. A kwanakin jiran nan ba zai iya kama wani babban aiki a nesa ba, don dole ya riƙa dawowa. Sannan ka tuna magini ba albashi yake ɗauka ba. In a wata kwana 15 ya samu aiki, kuɗin kwana 15 ɗin nan ne zai ciyar da gidansa kwana 30. Cikin kuɗin nan ne kuma zai sayi cebur in ya karye, ya gyara baro, ya sa kati a waya, ya zuba mai a babur. Har zuwan da ya yi ya duba wajenka ya auna, da zuwan da ya yi wurin mutum uku da ba su ba shi aikin ba, duk a jikin aikin da ya samu zai fanshe.

Ana yanka kuɗin hannu ta hanya uku a wajenmu, kuma kowacce da inda take cizo.

Akwai aikin yini. Ka sayo kaya, ka biya kowa kuɗinsa da yamma. Yana da sauƙi a baki, amma in ba ka tsaye a wajen, aikin kwana shida sai ya zama na kwana goma, don babu abin da ke sa mai aiki sauri.

Akwai jinga a kan ƙirge. Magini ya ce kowane bulo da ya ɗora kaza, kafinta ya ce kowane bandir na kwano kaza, mai haƙa ya ce kowace ƙafa kaza. Nan kuma sauri ne matsalar. Wanda ake biya a kan yawan bulo ba ya son tsayawa cika rami ko ɗaure rodi, don ba a ƙirga wannan. In za ka yi jinga irin wannan a kwami, ka ware kuɗin cika bulo da na rodi daban, ka faɗa tun farko.

Sai kwangila gaba ɗaya, kaya da aiki a hannunsa, kai dai ka karɓi kwami. Wannan ta fi tsada a ido, kuma da dalili. Duk abin da ya lalace nasa ne. In siminti ya tashi, in lebura ya gudu, in tifa ta maƙale a hanya, shi zai ɗauka. Saboda haka dole ya ɗora wani abu a sama don tsaro. Wannan abin da ya ɗora, in komai ya tafi daidai ya zama ribarsa, in bai tafi daidai ba shi ne zai hana shi gudu ya bar maka aiki a rabi.

Ga wani abu da masu aiki ba su cika faɗa ba. Da yawansu ribarsu ba a kuɗin hannu take ba, a kan kaya take. Yana da shagon da yake saye kullum, ana yi masa ragi ko a ba shi ɗan wani abu in ya kawo ciniki, kai kuma ya rubuta maka farashin kasuwa. Ni ban ɗauki wannan sata ba muddin kayan da ya rubuta su ya kawo kuma farashin bai wuce na kasuwa ba. Amma shi ya sa za ka ga da zarar ka ce kai za ka sayo kaya da kanka, sai kuɗin hannu ya ƙaru. Ba fushi ya yi ba. Ƙofa ɗaya ka rufe, ya dawo ta ɗayar. Kuma in kai ka sayo kaya, ka sani in bulon ya zama marar kyau ko siminti ya kwana biyu a shago ya fara dunƙulewa, ba ka da bakin kama shi.

Nisa, lokaci da halin kasuwa

Gonakinmu galibi a bayan gari suke, inda fili ke da sauƙi. Abin da ka rage a kuɗin fili za ka riƙa biyansa kaɗan-kaɗan a kuɗin mota. Tifar yashi ɗaya ce, amma kuɗinta a cikin gari daban, a ƙauyen da hanya ta lalace daban. In babu ruwa a wajen, sai an sayo ruwan kwaɓi. In mai walda ne zai yi maka ƙofofi ko ƙarfen tamfol kuma babu wutar lantarki, janareta da mansa suna cikin kuɗin. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, wannan ɓangare ya zama babba a kowane ƙiyasi, ba ɗan abin da ake mantawa da shi ba kamar da.

Lokaci ma yana da kuɗinsa. Da damina koguna sun cika, yashi ya yi wuya, haƙa na rushewa, ruwan sama na tsayar da aiki. Watanni biyu zuwa uku kafin Sallah ko Kirsimeti kuwa kowa na son ɗakin buroila, kafintoci na zaɓen aiki. Wanda ya zo yana cewa 'yan tsakinsa na isowa nan da kwana biyar kuma ɗaki ko rufi babu, shi ya yanka wa kansa tsada. Mai aiki ya ji kana cikin matsi, kuma da gaske sai ya ƙara hannu ko ya bar wani aikin kafin ya cika maka.

Sannan ga tashin farashi. Waɗanda suka yi gini a farkon 2024 sun ga yadda buhun siminti ya tashi cikin 'yan makonni har ya haura naira 10,000 a garuruwa da yawa. Maginin da ya karɓi kwangila kafin tashin, ya saye kaya bayan tashin, daga aljihunsa ya cika ko kuma ya rage ingancin aiki. Tun daga nan masu hankali cikinsu suke rubuta cewa farashin na kwana bakwai ne ko sati biyu. In ka ga haka a takarda kada ka ɗauka rainin wayo ne. Wanda ya ce farashinsa na nan ko bayan wata uku, to ya riga ya ɗora kuɗin tsoron a ciki.

Me ya sa ƙaramin aiki ya fi tsada?

Wannan ya fi shafar mu masu farawa da kaɗan, don haka bari in ɗan daɗe a kai.

Akwai kuɗin da mai aiki ke kashewa ko aikin babba ne ko ƙarami. Ɗauki mai yin rigakafin kaji. Maganin Gumboro da Lasota a kwalba suke zuwa, ta kaji 100, 200, 500 ko 1,000, kuma dole ya riƙe su cikin sanyi tun daga inda ya saya har gonarka. Da zarar an buɗe an haɗa da ruwa, cikin kamar awa biyu ake so kaji su shanye, saura zubarwa ake yi. In kajinka 120 ne kuma ta 200 ce a kasuwa, kuɗin ta 200 za ka biya. Kuɗin babur ɗinsa da ƙanƙararsa da rabin yininsa ɗaya ne, ko kaji 120 ya tarar ko 2,000. In ka raba a kan kowace kaza, kai mai kaɗan ka fi mai dubu biyu biya nesa ba kusa ba. Ayyukan da ake kama kaza ɗaya bayan ɗaya, kamar yanke baki ko allurar fiffike, su a kan kai ake yanka su, amma su ma akwai adadin da in ba ka kai ba zai ce maka sai dai ka biya kuɗin zuwa.

Kuma in wani ya zo da rigakafi mai arahar da ta ba ka mamaki, tambayi inda ya ajiye kwalbar. Maganin da ya sha zafi a aljihu kamanninsa ba sa canzawa, aikinsa ne ke mutuwa.

Haka mai motar haƙa ta tafkin ƙasa. Kuɗin yini yake yanka, yawanci awa takwas, ban da man gas, ban da babbar motar da za ta ɗauko ta ta mayar. Ko ramin awa uku za ta yi maka, ɗaukowa da mayarwa ba sa raguwa. Maganin wannan ɗaya ne, kuma mun gwada ya yi: ku haɗu da maƙwabtan gona. Mutum uku su kira mota rana ɗaya, ko masu kaji huɗu da suka ɗauko 'yan tsaki rana ɗaya su haɗa ranar rigakafi. Sai dai a rigakafin a kula, mai yawo gona zuwa gona yana iya ɗauko cuta a takalmi, don haka ya wanke ƙafa da hannu da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin ya shiga kowane ɗaki.

Rijiyar burtsatse

Mai kiwon kifi ba shi da babban aiki da ya wuce wannan, kuma a nan ne aka fi samun rigima.

Mai haƙa yana kallon ƙasar da ke ƙarƙashinka kafin komai. Yankunan Kano, Zariya da Kaduna galibi a kan dutse suke. A nan da injin iska mai ƙarfi ake fasa dutsen, yana shan gas sosai, amma bututun kariya a saman da ke da laushi kawai ake sa shi. A yankunan Sakkwato da Maiduguri kuwa ƙasar yashi da yumɓu ce mai zurfi, da ruwan laka ake haƙa, kuma sai an jera bututu tun daga sama har ƙasa, da matata da tsakuwa a gefe. Don haka farashin da abokinka ya faɗa maka daga wani gari ba ma'auni ba ne.

Wasu a kan mita suke yanka, wasu su yanka dunƙule zuwa wani zurfi, abin da ya wuce nan kowace mita da kuɗinta. Tambayar da dole ka yi kafin mota ta shigo ita ce: in aka haƙa ba a samu ruwa ba, wa zai ɗauki asarar? Awon da ake yi kafin haƙa yana rage haɗarin ne, bai kawar da shi. Wanda ya ce in babu ruwa zai sake haƙa wani ramin a kuɗinsa, dole farashinsa ya fi na wanda ya ce ko da ruwa ko babu a biya shi mitocinsa. Tsadar nan inshora ce ka saya ba ka sani ba. Sannan "an samu ruwa" a wajen mai gida daban, a wajen mai kifi daban. Rijiyar da ke cika tankin gida ta huta ba lallai ta iya canza ruwan kwami huɗu ba. Ka sa a cikin yarjejeniya cewa za a kunna famfo a bar shi yana ja na awoyi a gabanka. Ka kuma tabbatar ko sumo da waya da igiya da murfi na cikin kuɗin, don sau da yawa ba sa ciki.

Fuskarka ma tana cikin lissafi

Sai mu faɗi gaskiya, akwai ɓangaren farashi da ba shi da alaƙa da siminti ko gas. Mai aiki yana karantar wanda ke gabansa. In ya ga ba ka san bambancin bulo inci 6 da inci 9 ba, ko ka aiko daga wani gari ka ce a yi kawai a turo maka hoto, farashi na iya hawa. Akwai kuma al'adarmu ta ciniki. Ya san duk abin da ya faɗa sai ka ce a rage, don haka ya ɗora abin ragewar tun farko.

Amma akwai ɗaya gefen. Mai gona da ya yi suna wajen riƙe cikon kuɗi, ko mai canza ra'ayi kullum, yau a matsar da ƙofa gobe a ƙara tsawo, shi ma ana ɗora masa. Magina na hira da junansu fiye da yadda muke tsammani. Na taɓa jin wani kafinta na cewa akwai gidan da in an kira shi sai ya haɗa da kuɗin zirga-zirgar bin bashi.

In za ka nemi ragi, nemi shi a inda ba zai cuce ka ba. Ka ce kai za ka kawo ruwan kwaɓi. Ka ce yaranka za su yi haƙan tushe ko su kwashe ƙasa. Ka ba shi lokacin da ba shi da aiki da yawa. Ka haɗa masa kwami biyu a tafiya ɗaya. Wannan ragi na gaske ne don ka rage masa kashe kuɗi. Amma in ka matsa masa kawai har ya ce "to shi kenan, Allah ya sa albarka" alhali lissafinsa bai fita ba, ka sani ba daga ribarsa zai cire ba. Daga buhunan siminti zai cire, ranar da ka je kasuwa.

Abin da na sa yaron nan ya yi

Na ce ya koma gida ya rubuta aikin da kansa a takarda ɗaya: girman kwami daga ciki, bulo inci 9 a cike da kankare, kaurin daɓe, rodi a ina da ina, girman bututun fitar da ruwa da gangaren da daɓen zai yi zuwa bakinsa, filasta ciki da waje, maganin hana yoyo. Sannan ya ba magina uku wannan takarda ɗaya, kowa ya sa farashi a gaban kowane layi, kaya daban, hannu daban. Sai a lokacin ne kuɗin mutum uku za su zama abin gwadawa. Na kuma ce ya je ya ga kwamin da kowannensu ya taɓa ginawa, wanda ya shekara da ruwa a ciki, ya tambayi mai shi. Magini na iya ƙwarewa a ginin gida bai taɓa gina abin da zai riƙe ruwa ba.

Game da biya kuwa, kada kafin alƙalami ya wuce abin da zai sayi kayan matakin farko. Sauran a bi aiki: an gama daɓe a biya, bango ya tashi a biya, an yi filasta a biya. Duk ƙarin aikin da ya taso a tsakiya, a yanka kuɗinsa kafin a taɓa shi. A manyan kwangilolin gini akan riƙe kamar kashi 5 cikin 100 na kuɗin har a ga aiki bai nuna matsala ba, mu ma za mu iya yin haka, muddin an faɗa tun ranar ciniki ba ranar biya ba.

Riƙon nan ba ya cutar da kowa a aikin kwami, don dama ba a zuba kifi a sabon siminti. Sai an jiƙa shi da ruwa an zubar sau da yawa, kaifin simintin ya fita, in ba haka ba ya kashe kifin. To a wannan jiran sai ka gwada yoyo. Cika kwamin, ka ja layi a daidai bakin ruwan. Ka cika bokiti, shi ma ka ja masa layi, ka ajiye shi a gefen kwamin inda rana da iska ke samun su daidai. Bayan kwana uku ka auna duka biyun. In raguwar ta yi kusan daidai, rana ce ta sha. In ta kwamin ta fi ta bokitin sosai, akwai inda yake yoyo, kuma gyaran na maginin ne kafin ya karɓi cikonsa. Sabon siminti kan tsotsi ruwa a cikawar farko, don haka a cikawa ta biyu za ka yi wannan awo.

Jiya yaron ya kira ni. Da mai arahar ya ga takardar, ya sake lissafi, farashinsa ya hau har ya kusa cim ma na ɗayan. Bambancin da ya rage tsakaninsu bai wuce kuɗin tifar yashi ɗaya ba, kuma na biyun yana da kwami biyu a unguwar da ke riƙe da ruwa yanzu haka. Ranar Asabar za su fara haƙan tushe.